Karo-karo ya hau intanet: wa ke riƙe da makullin akwati?

A farkon shekarar 1885 aiki ya tsaya cik a wani ɗan tsibiri da ke bakin birnin Nuyok na ƙasar Amurka. Faransawa sun gama ƙera kyautar da suka yi wa Amurkawa alkawari, watau mutum-mutumin nan na mace mai ɗaga fitila sama, wanda ake kira na Ƴanci, mai tsawon mita 46. Abin da ya rage wa masu karɓar kyauta shi ne su gina dakalin da za a ɗora shi. To, a nan fa aka ji kunya. Gwamnan jihar, Grover Cleveland, ya ƙi sa hannu a kan dala dubu 50 da aka nema a 1884. Majalisar ƙasa ita ma ba ta bada dala dubu 100 da aka roƙe ta ba. (Mai karatu ya lura, dalar Amurka nike nufi ko'ina cikin wannan rubutu, ba dalarmu ta tamma biyar ba.) Attajiran birnin kuwa, waɗanda ɗaya daga cikinsu zai iya biyan kuɗin duka bai ji a jikinshi ba, kowa ya kau da kai.

Sai wani mai jarida, Joseph Pulitzer, ya ɗauki maganar cikin watan Maris. Ya yi kira ga talakawa cikin jaridarshi, ya kuma yi alkawari guda: duk wanda ya aiko da wani abu, kome ƙanƙantarshi, za a buga sunanshi. Kowace safiya mutane na buɗe jarida su ga sunaye, su ga abin da kowa ya bada, su ga inda jimla ta kai. Wani ajin ƙananan yara na garin Davenport ya aiko da dala 1 da santi 35, aka buga. Cikin watan Yuni jirgin ruwa ya iso daga Faransa da mutum-mutumin gunduwa-gunduwa cikin akwatuna fiye da 200, ran 11 ga Agusta kuma jaridar ta yi shelar an samu dala dubu 102 daga hannun mutum fiye da dubu 100, galibinsu abin da suka bada bai kai dala guda ba. An buɗe wurin a watan Oktoba na 1886. Shi ma Pulitzer bai tashi a tutar babu ba, don cinikin jaridarshi ya ƙaru ƙwarai. Kowa na son ya ga sunanshi a rubuce, har ya saya wa maƙwabci.

Abin tambaya a nan shi ne: mutanen nan da ma suna nan, da kuɗinsu cikin aljihu, kuma akwai kwamitin manyan mutane da ya yi shekaru yana roƙonsu ba su motsa ba. Mi ya sake? Ba su yi arziki cikin wata biyar ba. Abin da ya sake shi ne, an fito da lissafi fili, inda mai dala guda zai iya bin sawun dalarshi.

Wannan al'amari, na tara ɗan abu kaɗan-kaɗan daga hannun mutane masu yawa don a yi babban aiki, shi ne yau ya hau intanet, Turawa suka raɗa mashi sunaye na ƙasaita, ana ta shirya taruka a kanshi cikin manyan otal-otal. Mu dai sunanshi karo-karo, kuma ba baƙo ba ne gare mu. Babu ma'aikacin da bai san takardar nan da ke zagaya buro-buro ba in an yi wa abokin aiki haifuwa ko rasuwa. Babu kasuwar da ba a adashe, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Ƙonni. Amma a duba da kyau mi ke riƙe da adashe. Ba alƙali, ba jandarma, ba takardar yarjejeniya. Kunya ce. Wadda ta kwashi nata ta daina zubi, gobe da wane ido za ta je suna ko biki a unguwa? Ɗan kasuwar da ya ci kuɗin adashe, wa zai sake ba shi kaya bashi? Kunya jingina ce mai ƙarfi, har ta fi takardar fili a wasu wurare. Sai dai tana da iyaka: ba ta aiki sai tsakanin waɗanda suka san juna. Shi ya sa adashe ba ya wuce mutum goma, ishirin, talatin. Da ya yi faɗi, sai ya tsage.

Matan jihar Maraɗi sun matsa da wannan iyaka gaba kaɗan. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma da su tsarin da aka sani da Mata Masu Dubara: zubi kowane mako, rance tsakanin juna, rabon uwa da riba a ƙarshen zagaye. Tsarin ya fita daga Nijar ya bazu cikin ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, abin alfahari ne da ba mu cika ambata ba. Ga yadda ya yaɗu: akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai gaban kowa, a ƙirga kuɗi da babbar murya. Matan da yawansu ba su shiga lakwal ba sun gano abin da Pulitzer ya gano. Na so mai karatu ya riƙe hoton akwatin nan cikin kanshi, don da shi za mu auna duk abin da ke tafe.

Farkon karo-karo ta intanet da aka fi ambata, na wasu mawaƙan Ingila ne da ake kira Marillion. A 1997 ba su da kuɗin zuwa wasa Amurka, sai masoyansu suka yi ta aika wa juna saƙo, suka tara dala dubu 60. A Faransa, cikin 2008, mutum 347 suka haɗa yuro dubu 70, kusan sefa miliyon 46 ke nan, suka fitar da faifan wani saurayi mai suna Grégoire wanda ba kowa ya san shi ba. Faifan ya yi kasuwa, suka ci riba. Daga nan kamfanoni suka ɗauki abin sana'a: Indiegogo a 2008, Kickstarter a 2009, Ulule a Faransa da GoFundMe a Amurka cikin 2010. Aikinsu na dillali ne. Mai neman kuɗi ya baje hajarshi, ya faɗi abin da yake son yi, da nawa yake bukata, da ranar da za a rufe. Jama'a su zuba. Dillali ya cire la'adarshi. A Kickstarter la'adar kashi 5 cikin ɗari ce, ban da ta masu sarrafa katin banki. Zuwa 2023 abin da aka yi alkawarin zubawa ta wannan kamfani kaɗai ya haura dala miliyar 7.

Kickstarter na da ƙa'ida guda wadda ta cancanci a tsaya a kanta. In ka ce kana neman miliyon goma, ranar rufewa ta zo an samu tara, ba a ba ka ko tamma. Ba a cire kome daga aljihun kowa ba, kowa ya kama gabanshi. Da farko abin kamar mugunta. Amma a tuna yawan gine-ginen da ke tsaye cikin garuruwanmu ba rufi, ajin lakwal da ya kai lintal ya tsaya, rijiyar da aka haƙa rabi aka bari awaki na faɗawa. Duk an yi karo-karo, kuɗin bai kai ba, aka ce a soma da abin da ya samu, Allah zai kawo sauran. Rabin kuɗi ba ya gina rabin rijiya, rami yake ginawa. Kusan shida cikin goma na masu nema a Kickstarter ba su kai ga abin da suka nema, kuma wannan ba aibi ba ne: jama'a ce ta ce a'a tun kafin a yi hasara.

Nan ne amfanin abin yake ga ɗan kasuwa, fiye da kuɗin kansu. Kowane mai shago ya san ciwon sayo kaya a kai sito su kwana, su shekara. A wannan tsari ana sayar da kaya tun ba a ƙera su ba. Wani saurayi ɗan Kanada, Eric Migicovsky, ya nemi masu jari su sa kuɗi cikin wani agogon hannu mai haɗuwa da talho, mai suna Pebble, ba su ba shi abin da zai isa ba. A 2012 ya kai maganar gaban jama'a yana neman dala dubu 100. Mutum wajen dubu 69 suka biya kuɗin agogon da ba su taɓa gani ba, aka tara sama da dala miliyon 10. Ya samu jari ba da ruwa ba, bai jinginar da gidan ubanshi ba, bai sayar da rabin kamfaninshi ba, ya kuma san yawan agogon da zai ƙera tun kafin ya je masana'anta. Banki na tambayarka abin da ka mallaka jiya. Taron jama'a na gaya maka ko akwai mai son abin da za ka yi gobe. Ga ƙasa irin tamu, inda binciken Bankin Duniya na 2017 ya nuna baligan da ke da asusun ajiya ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba, inda kuma dattawa ba su manta da rushewar BDRN a 1990 ba, wannan magana ce mai daɗin ji.

To amma kada daɗi ya kwashe mu. Shi kamfanin Pebble ɗin, bayan ya sake tara dala miliyon 20 a 2015, ya rufe ƙofa a ƙarshen 2016. Akwai kuma wani akwatin sanyaya abin sha, Coolest Cooler, da ya tara dala miliyon 13 a 2014 daga mutum fiye da dubu 60. Mai shi ya yi kuskuren lissafin kuɗin ƙira da na sufuri, ya sayar da araha abin da ke cin tsada. Da kamfanin ya mutu a 2019, mutum wajen dubu 20 ba su ga akwati ba. Wani malamin jami'ar Pensilbaniya, Ethan Mollick, ya bi diddigin irin waɗannan ayyuka: fiye da kashi 75 cikin ɗari ba su cika alkawari kan lokaci, kusan kashi 9 kuma ba su cika shi sam. Abin lura, ɓarayi na gaskiya kaɗan ne cikinsu. Galibi mutanen kirki ne da suka iya mafarki, ba su iya lissafi ba. Wanda ya zuba kuɗi kuwa, shi ne ya ɗauki kasadar da banki ya ƙi ɗauka, ba tare da ribar da banki zai nema ba. In abu ya yi kyau ya samu agogo. In ya ɓaci ya samu haƙuri.

Wani bincike kuma, na malamai uku, Agrawal da Catalini da Goldfarb, a kan wani dandalin mawaƙa na ƙasar Holan, ya tono wani abu da zai ba mai adashe dariya. Ko da yake masu zuba kuɗi na nesa da mawaƙin da dubban kilomita, kuɗin farko daga dangi da abokai suke fitowa. Baƙo ba ya sa hannu sai ya ga na gida sun sa. Ashe intanet bai kashe tsohuwar ƙa'ida ba: wanda ƴan'uwanshi ba su yarda da shi ba, duniya ba ta yarda da shi.

Kafin mutum ya zuba ko dala, ya kamata ya san wane iri ne gabanshi, don suna ɗaya ne, ciki dabam-dabam. Akwai kyauta tsantsa, wadda ba a jiran kome sai lada. Akwai sayen kaya kafin a ƙera, irin na agogon nan. Akwai hannun jari, inda in an ci riba a raba, in an faɗi a faɗi tare, wanda shi ya fi kusa da abin da Alhazanmu suka saba yi da yaransu, mai kuɗi da kuɗinshi, mai ƙarfi da ƙarfinshi, kuma shi malamai ba su da ja a kanshi in an tsare sharuɗɗa. Sannan akwai rance. A wajen rance ne aka fi zubar da hawaye.

Ko mai tsabtar cikinsu sai an karanta shi da kyau. Ƙungiyar Kiva, da aka kafa a Amurka a 2005, tana nuna hoton mai ƙaramar sana'a a Uganda ko Peru, ka ranta mata dala 25 ba ruwa. A 2009 wani mai bincike, David Roodman, ya nuna cewa mafi yawan lokaci wadda ke cikin hoton ta riga ta karɓi rancenta daga wata ƙaramar ma'ajiya ta garinsu tun kafin a sa hoton, kuma ita tana biyan wannan ma'ajiya ruwa, sau da yawa mai nauyi. Ba sata ba ce, Kiva ma ta gyara bayaninta, amma abin da mai bayarwa ke zato da abin da ke faruwa ba ɗaya ba ne.

Na ƙasar Sin kuwa sata ce a fili. Kamfanin Ezubao, da aka buɗe a 2014, ya yi wa mutane alkawarin riba har kusan kashi 15 cikin ɗari a shekara, wai ana ranta kuɗinsu ga ƙananan masana'antu. Cikin shekara ɗaya da rabi ya kwashi yuwan miliyar 50, kimanin dala miliyar 7 da rabi, daga mutum dubu 900. Da hukuma ta dira a ƙarshen 2015, sai aka tarar kashi 95 cikin ɗari na masana'antun nan babu su. Kuɗin na baya ake biyan na gaba da su. Ina littattafan lissafi? Shugabannin sun zuba su cikin buhuna, sun bizne su mita shida ƙarƙashin ƙasa, sai da ƴan sanda suka kawo motocin haƙa. Pulitzer na buga lissafinshi kowace safiya, waɗannan sun yi wa nasu kabari. Dandalin rance irin wannan sun kai dubbai a Sin. Zuwa ƙarshen 2020 hukuma ta ce ba sauran ko ɗaya. Kusa da mu, maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana MMM, wanda ya zo da rigar taimakon juna, yana alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata. Ya daskare a watan Disamba na 2016, hukumar inshorar ajiya ta ƙasar ta ce mutum wajen miliyon 3 sun yi hasarar naira miliyar 18. Wace sana'a ce, ta halas, ke haifar da kashi 30 kowane wata? Ko fataucin sukari cikin azumi bai yi ba.

Taron jama'a ba kuɗi kaɗai yake badawa ba, yana bada hannu da ido da sani. Wannan shi ne ɗan'uwan karo-karo, wanda wani ɗan jarida na Amurka, Jeff Howe, ya raɗa wa suna a 2006. Mu gayya muka san shi. A wata kasuwar dabbobi ta Plymouth a Ingila, cikin 1906, an yi gasar cankar nauyin naman wani sa. Masani Francis Galton ya tattara takardu 787, ya ɗauki ta tsakiya: kilo 547. Da aka auna naman, kilo 543. Taro ya fi gwani, amma da sharaɗi: kowa ya rubuta nashi a ɓoye. Da a ce wani babban dillali ya fara faɗin nashi da ƙarfi, da sauran sun bi shi kamar tumaki, yadda muke gani a wasu tarukanmu inda ba mai magana sai mai gari ya yi gyaran murya. Da irin wannan gayya aka rubuta babban ƙamus na Oxford, bayan kiran da James Murray ya yi wa masu karatu a 1879. Da ita ake rubuta Wikipedia tun 2001, har da ta Hausa. A 2014, lokacin annobar Ebola, likitocin MSF sun rasa taswirar garin Gekedu na ƙasar Gine. Masu sa kai daga ƙasashe dabam-dabam suka zauna gaban kwamfuta da hotunan tauraron ɗan adam, cikin ƴan kwanaki suka zana tituna da gidaje dubbai.

Sai dai gayya a ƙauye tana da ladabinta. Mai gona zai yi fura da tuwo, gobe kuma in ka kira shi zai zo da haiwarshi. Gayyar zamani wani lokaci gona ta mutum ɗaya ce, noma na kowa. Kamfanin Amazon ya buɗe wata kasuwar ƙananan ayyuka a 2005, inda ake biyan mutane santi-santi su tantance hotuna ko su rubuta abin da suka ji. Binciken da aka fitar a 2018 ya nuna matsakaicin ma'aikaci a can bai wuce dala 2 a awa ba, ba hutu, ba fansho, ba sandika. Samarinmu masu diploma da ke zaune za a zo masu da irin wannan tayi, in ma ba a riga an zo ba. Ban ce su ƙi ba. Su dai tambayi gonar wa ake nomawa.

Yanzu ga ma'aikatan gomnati, don akwai ɓangaren da ya shafe su kai tsaye. A Kenya, Jomo Kenyatta ya mai da karo-karo taken ƙasa tun 1963, da sunan Harambe, kuma da shi aka gina ɗimbin makarantun sakandare da ɗakunan shan magani. Sannu a hankali ƴan siyasa suka mai da shi dandalin nuna arziki da sayen ƙuri'a, shugabannin ma'aikatu suka riƙa tatsar na ƙasa da su, har a 2003 aka yi dokar da ta hana ma'aikaci amfani da kujerarshi wajen tara irin wannan kuɗi. A Habasha, da aka aza tubalin babbar madatsar ruwa ta kogin Nilu a 2011, an nemi ma'aikata su bada albashin wata guda, aka kuma sayar wa jama'a takardun bashi. An buɗe madatsar a watan Satumba na 2025, tana iya bada megawat fiye da dubu 5. Aiki ya tsaya da ƙafafunshi, ba mai musu. Amma abin da aka cire daga albashi tun kafin ya iso hannu, ko da wane suna aka kira shi, ɗan'uwan lampo ne, kuma lampo yana da haƙƙinshi: a tattauna shi, a rubuta shi cikin kasafi, a bincika inda ya tafi. A Amurka kuma, shugaban GoFundMe da kanshi ya faɗa a 2019 cewa kashi ɗaya cikin uku na abin da ake tarawa wajensu na biyan kuɗin magani ne. Wannan ba labarin nasara ba ne. Taro na taimakon mai hoto mai ban tausayi da mai abokai da yawa. Tsohon da ba ya da talho, ciwonshi bai fi na kowa sauƙi ba, amma ba mai ganinshi. Karo-karo na iya gina aji, ba ya iya biyan mushe albashi shekara talatin.

Mi ya rage mana ke nan? Manyan dandalin nan ba domin mu aka gina su ba. Kickstarter da GoFundMe ba su buɗe ƙofar neman kuɗi sai ga mazauna wasu ƙasashe ƙalilan, galibinsu na Turai da Amurka ta Arewa, Nijar ba ta ciki. Mai son shiga sai ya raɓa da wani ɗan'uwa da ke can, kuɗin su faɗa asusun wannan ɗan'uwa, a koma gidan jiya. Amma karo-karon nesa muna yin shi kullum ba tare da su ba. Ƴan gari kaza mazauna Yamai, da na Lome, da na Kwatano, da na Abijan, da na Kumasi, sun haɗu cikin zaure guda na WhatsApp. An ce famfon gari ya lalace, ko za a yi wa makabarta katanga. Kuɗi na tahowa ta Nita, ta Amana, ta Al Izza, cikin awa guda sun iso. Hanyar kuɗi ta yi sauri ƙwarai. Hanyar lissafi tana nan bisa jaki. Duka suna faɗawa hannun mutum guda, a lambar talho guda, shi ne mai karɓa, shi ne mai ajiya, shi ne mai sayen siminti, shi ne kuma mai bada labari. Akwati mai kwaɗo ɗaya ke nan, makulli cikin aljihun mai ɗakin. Ko waliyyi ne, an zalunce shi, don ranar da aka soma gunaguni ba ya da abin da zai wanke kanshi da shi. Kuma wanda ke Abijan, da bai taka garin ba shekara bakwai, kunyar wa za ta tsare mashi jikka goma ɗinshi? In aka cuce shi sau ɗaya ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, in an sake kira ya ce kasuwa ba ta tafiya.

Ƙasashen da suka yi doka a kan wannan al'amari, in an tuɓe dokokin daga manyan kalmomi, kwaɗo suka ƙara wa akwati. Amurka ta yi tata a 2012, ɓangaren da ya buɗe wa talaka ƙofar sayen hannun jari ya soma aiki a 2016, tare da iyakar abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya zubawa a shekara. Faransa a 2014 ta tilasta wa dillalan su yi rajista, ta kuma ƙayyade a lokacin cewa mutum guda ba zai ranta wa aiki guda fiye da yuro 1000 da ruwa ba, watau sefa dubu 656, don kada wani ya zuba duk abin da ya mallaka cikin rami ɗaya. Tunusiya ta bi a 2020, Maroko da Najeriya a 2021. A tsarin Maroko kuɗin ba su kwana hannun dillali, banki ke riƙe da su cikin asusu na musamman.

Ƙungiyar ƴan gari ba ta bukatar jiran majalisa kafin ta yi kwatankwacin haka. A faɗi kuɗin aikin tun farko, bisa takardar ma'aikacin da zai yi shi, da ranar rufe karɓa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya a banki ko a ma'ajiyar kuɗi ta gari, wanda ba a fitar da kome sai da sa hannun mutum biyu cikin uku, kuma kada ukun su zama ƴan ɗaki ɗaya. Kowace Juma'a a fitar da sunaye da abin da kowa ya bada, a aika cikin zauren, a kuma manna kofi a ƙofar mai gari saboda waɗanda ba su da talho. Mai son a sakaya sunanshi a rubuta "wani bawan Allah", amma adadin ya fito. Rasit na siminti da na ƙarfe a ɗauki hotonsu ranar da aka saya. Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi ƙin tattaunawa, don ana ganin kamar mugun fata ne: in ranar rufewa ta zo kuɗi ba su kai ba, za a maida wa kowa nashi ne, ko za a ƙara wata biyu, ko za a juya su ga wani aiki, kuma wa ke da ikon yanke wannan? Haka in sun yi rara. A rubuta amsar cikin saƙon farko, wanda aka yi kiran kuɗin da shi, kafin jikka ta farko ta shigo.